Ni da Luba a Bakin Randa

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeto ya zo duba makarantarmu ba, ranar da na bar shi zaune a bayan aji na fita da sunan za ni ɗauko alli. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina koyarwa, wannan za ni ba ku, ko da yake ba shi ne ya fi fito da ni da mutunci ba. Ku sababbin malamai ku gyara zama. Ku kuma tsofaffin da kuka sha jinsa, ku yi haƙuri ku ƙara.

Lokacin ina riƙe da aji huɗu a wata firamare ta ƙauye, can gefen Gangara, a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ni mutumin Isa ne, sunana Malam Isiyaku, amma a bayan idona yara Malam Buta suke ce mini, sun kuma ɗauka ban sani ba. Dalili kuwa ina da ciwon suga, irin na manya masu tumbi, kuma duk wanda ya san ciwon ya san mai shi ba ya nisa da ruwa, ba ya nisa da ban ɗaki. Kowane wata nakan je asibiti a Isa in karɓo ƙwayoyi, a auna ni, a yi mini faɗa, in ce na tuba, in fito in tsaya wurin mai shayi.

Wannan zirga-zirgar ce ta ja mini muƙami. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a kowace firamare akan ɗora wa malami ɗaya aikin malamin lafiya a kan koyarwarsa. Shi ke duba farce da kai ran Litinin, shi ke riƙe akwatin magani, shi ake kira in yaro ya faɗi ya fasa gwiwa. Ranar da aka raba ayyuka, hedimastanmu Malam Umaru bai ko nemi shawara ba.

"Malam Isiyaku, kai ka fi mu sanin ƙofar asibiti," in ji shi. "Ga makulli."

Abin da ke cikin akwatin bai wuce auduga da aidin da farasitamol ba, sai wani bandeji da ya girmi wasu ɗaliban. Amma ina da nawa injin awon suga da ƙanena ya aiko mini daga Sakkwato, kullum yana cikin jakata, kuma shi ya sa nake jin kaina rabin likita.

Bazara ce, irin wadda kwanon aji ke ƙara da kansa. A makarantar muna da randa ɗaya a gindin dogon yaro, da moɗa ɗaure da igiya, ban ɗaki kuma yana can bayan ajujuwa. Dokar fita ita ce katako. Kowane aji yana da ɗan katako rataye a ƙusa, yaron da zai fita sai ya ɗauka, in babu shi a ƙusa sai ka jira. A ajina katakon nan ya kusa zama na yarinya ɗaya, Luba. Shekarunta ba su kai goma ba, mai natsuwa ce, tana zama a layin gaba, ba ta cikin masu neman hanyar gudun lissafi. Amma tun kafin zafi ya kankama ta fara ɗaga hannu, ta fita, ta dawo, kafin in goge allo ta sake ɗagawa.

Ni kuwa ban tsananta mata ba, domin wanda ya fi kowa fita a ajin ni ne. Mun sha haɗuwa a hanya, ina dawowa da butata tana tafiya, ko ina nufar randa tana barin wurin. Har na riƙa tsokanarta ina ce mata abokiyar tafiya, ita kuma ta rufe fuska da hijabi ta wuce. Na ga hijabin ya yi mata yawa, na ga takan kifa kai a benci bayan hutun ƙarfe tara, na ce zafi ne. Kowa ma abin da zai ce ke nan, domin a bazarar Gobir har jaki ramewa yake yi.

To, ranar da sufeto zai zo daga ofishin ilimi, maƙwabcina ya yi suna. Na je da niyyar in yi addu'a in wuce. Aka kawo shayi mai kauri, madara ta ji, suga ya ji, ga masa da zuma. Na ce kofi ɗaya ba ya kisa. Na biyun kuma mai gida ne ya zuba da hannunsa, ba a mayar wa maƙwabci hannu ranar farin cikinsa. Na isa makaranta ina lasar baki.

Hedimasta ya tara mu kafin a buga ƙararrawa. Ya ce sufeto zai shiga aji ɗaya ya ga darasi tun daga farko har ƙarshe, kuma ajina ya zaɓa masa, tunda darasin kiwon lafiya ne. Ya ƙara da cewa kada ya ga yaro ko ɗaya yana yawo a fili. Sufeton wani dogon dattijo ne mai farin gilashi. Ya zauna a bencin baya ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ni kuma na fara bayani a kan wanke hannu da murya irin ta gidan rediyo.

Ban kai rabi ba shayin maƙwabci ya fara neman hanya. Maƙogwarona ya bushe, marata ta cika, na riƙa taka rawa a gaban allo kamar ina nuna wa yara motsa jiki. Luba ta ɗaga hannu, na yi mata alama da ido ta ɗauki katako ta fita, ina kallonta ina jin hassada. Da na ga abin zai zama abin kunya a gaban ofishin ilimi, sai na rubuta tambayoyi a allo na ce su kwafa, na juya wurin sufeto.

"Ranka shi daɗe, za ni ɗauko alli a ofis."

Ya gyaɗa kai. Na fita da tafiyar manya har na sha kwana, daga nan kuma ban san tumbina na iya gudu haka ba.

Da na fito na nufi randa, sai na tarar da Luba ta riga ni. Na tsaya a bayanta ina jiran moɗa, malami yana bin layi bayan ɗalibarsa. Ta shanye, ta sake ɗiba, ta shanye, ta sake ɗiba. Ba shan mai jin zafi take yi ba. Mai jin zafi yakan sha ya sauke numfashi ya goge baki. Ita tana sha ne idonta na kan randar, kamar ruwan ba ya isa inda ƙishin yake. Na san wannan shan. Haka na riƙa yi watannin da suka gabaci ranar da aka ce mini ina da suga.

Na dubi hannunta da ke riƙe da moɗa, duk ya zama ƙashi. Leɓɓanta sun bushe duk da ruwan da take sha.

"Luba, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Malam. Ba ni ƙoshi."

"Da dare kina tashi fitsari?"

Ta sunkuyar da kai, ta kama bakin hijabi tana murzawa. Can ta ce cikinta na ciwo tun jiya.

Abin da ya hana ni ganewa tun farko shi ne, a kaina suga ciwon irina ne: mai shekaru, mai tumbi, mai ƙawance da mai shayi. Sai a lokacin na tuna wata rana muna layi a Isa, wata ma'aikaciyar jinya ta ce mana yara ma suna yi, nasu daban ne, ba ya jiran ƙiba, kuma ba ya ba da lokaci irin namu. Ranar ban saurara sosai ba, ina lissafin ko mai ƙosai ta tashi.

Na koma aji hannu wofi. Sufeto yana tsaye a gaban tebur, ya buɗe kwalin alli cike fal.

"Malam, ga alli nan ya iso kafin ka dawo."

Yara suka ƙyalƙyale. Na ce masa ranka shi daɗe a rubuta mini duk abin da na cancanta, amma ina da magana da ta fi darasin. Muka shiga ofis da shi da hedimasta, na faɗi abin da na gani, na ciro injina na ce yanzu za ni auna ta. Hedimasta ya dafe hannuna.

"Ba a huda ɗiyar mutane ba da izinin iyayenta ba. Ko allurar rigakafi sai mun aika gida."

Sufeto ya ce gaskiya ne, doka ce, kuma ta kare malami ta kare yaro. Ya ce in je gidansu da kaina da zarar an tashi, kada in aika. A kan darasin kuwa ya ce gabatarwa ta yi kyau, sai dai malamin ya ɓace a tsakiya.

Bayan azahar na isa gidan. Mahaifin Luba, Malam Nomau, manomi ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na fara zuba bayani: ƙishirwa, yawan fitsari, rama ga ci, kasala. Na ce ina neman izininsa in ɗiga jinin yatsarta a inji. Duk maganar nan idonsa na kan ƙofa, kamar labarin wata yarinya can a garin Kurawa nake ba shi.

"Malam, wanga zance ya hi ƙarhina," ya ce. "Tsohuwa ka riƙon ta, ita za a tambaya."

Sai a nan na gane Luba ’yar fari ce. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai yi mamaki, amma a gidajen da ke riƙe da al'ada, uwa da uba suna kunyar ɗansu na fari. Ba su kiran sunansa, ba su nuna damuwa da shi a gaban mutane, da an yaye shi kaka ke ɗauka, ita ke da magana a kansa. Na san al'adar sarai, ni ma ɗan fari ne, kakata ta rene ni. Amma ranar haushi ya rufe mini ido. Na ce a raina, ’yarka na narkewa kana kallon ƙofa.

Ya aika aka kira mahaifiyarsa, Inna Tumba. Ta fito tana dogara sanda, ta zauna a dokin ƙofar cikin gida, ta dube ni sama da ƙasa tun kafin in buɗe baki.

"Malam, zahi na. Kowa na shan ruwa cikin bazarag ga, har kai da nika gani kullum da buta."

"Inna, ramar fa?"

"Girma na, tsawo za ta yi. Kai da wanga ciki ina kas san rama? Kuma ba zaune nike ba. Hura nika dama mata da suga da zuma, sahe da marece, don ta maida jiki."

Da na ji haka sai da na dafe kai. Tsohuwa tana ƙaunar jikanyarta, kuma da abin da ta fi ƙauna a duniya take ƙara mata wuta. Ban faɗa mata haka ba. Na daure na yi tambayar da nake ta kewayewa, na ce ko yarinyar ta fara fitsarin kwance bayan da can ba ta yi.

Fuskarta ta canza.

"Jikanyata? Ɗiya mace? Malam, kiyaye bakinka, kar a ji wagga magana waje. Lahiyatta lau, barci takai."

Malam Nomau ya ci gaba da kallon ƙofa. Na zauna da injina a cinya, malamin lafiya guda, tsohuwa ta gama da ni. Har na fara tunanin in tashi in dawo gobe da hedimasta.

Sai muka ji murya daga bayan katangar zaure, ta cikin gida. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, ba ta yi sallama ba, ba ta kuma kira sunan kowa ba.

"Ni dai ba da kowa nike ba. Amma akwai tabarma gidan ga da nika wankewa kullum da asuba tun kahin zahi shi kama. In na shanya ta, kiyashi ka bin ta. Mai tabarmag ga kuma tun da tad dawo yau take amai, numhwashinta ya sake."

Mahaifiyar Luba ce. Ita ke lallaɓawa ɗakin tsohuwa da sassafe ta ɗauke tabarmar ta wanke, don kada a yi wa yarinya gori. Ta fi kowa sanin abin da ke faruwa, ita ce kuma al'ada ta ce kada ta yi magana. Ban san tsawon lokacin da ta yi tsaye a bayan katangar tana tara ƙarfin hali ba.

Inna Tumba ta miƙe ba tare da ta dubi kowa ba. Jim kaɗan ta fito riƙe da Luba. Yarinyar da na gani da safe a tsaye, yanzu da ƙyar take ɗaga ƙafa. Numfashi take ja mai zurfi da sauri kamar ta yi gudu, bakinta na wani wari irin na mangwaron da ya nuna ya wuce.

"Auna ta," in ji tsohuwa.

A nan kuma wani asirina ya tonu. Ni fa tsoron allura nake. A gida matata Hajara ke huda mini yatsa, ni kuwa in kau da kai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban taɓa huda kowa ba, ko kaina. Na wanke wa Luba yatsa, na sa sabon tsinke, ina ta ja da baya har tsohuwa ta ce ko ita za ta riƙe ni. Na runtse ido ɗaya na danna. Luba ko motsi ba ta yi ba.

Injin bai nuna lamba ba. Wasu haruffa biyu ya fitar, waɗanda ban taɓa gani a kansa ba. Na ce wataƙila zafi ya lalata shi. Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa, don haka na canza tsinke, na yi salati, na huda kaina da kaina karo na farko a rayuwata. Ya nuna lamba, lamba mai kunya, shayin maƙwabci da masarsa duk suna ciki, amma dai lamba ce. Injin lafiyarsa lau. Sai na tuna an taɓa ce mini in na ga waɗannan haruffa, suga ya wuce abin da injin ke iya ƙirgawa, in bar duk abin da nake yi in nufi asibiti.

Na ce yanzu za mu Sabon Birni. Tsohuwa ta ce rana ta yi, a bari sai da safe. Kun san hanyarmu a shekarun nan, in la'asar ta wuce ba direban da ke yarda ya hau ta saboda ’yan fashi, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

"Inna," na ce, "ni mai ciwon ne, ina wasa da nawa domin yana ba ni lokaci. Nata ba ya bayarwa. In muka bari sai gobe, wallahi ban san abin da za mu kai asibiti ba."

Malam Nomau ya tashi, ya sa takalmi ya fita. Na bi bayansa da harara, na ce shi ke nan, ya bar mu da ita. Ashe tasha ya tafi. Kafin tsohuwa ta gama ɗaure kaya ya dawo da wata tsohuwar mota da direbanta. Inna Tumba ta leƙa cikin gida ta ce wa surukarta ta ɗauko mayafi, ba ita kaɗai za ta ba.

Mata suka shiga baya, Luba kwance a cinyoyinsu. Ni da Malam Nomau muka raba kujerar gaba, ko in ce tumbina ya ci rabonsa ya bar masa gefen ƙofa. Har muka isa bai waiwaya baya ko sau ɗaya ba. Ni kuwa ina waiwaye ina tambaya ko tana numfashi, tsakanin waiwaye kuma ina shirya masa huɗuba a raina. Na tsara ta da kyau, da gabatarwa da misalai, a kan hakkin ’ya’ya da al'adar da ta wuce gona da iri. Na ce bari dai yarinya ta farfaɗo, zai ji daga bakina.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suka sake awo, suka ɗaura mata ƙarin ruwa, suka fara ba ta insulin, maganin da jikinta ya daina yi da kansa. Likitan, wani saurayi da bai kai ƙanena ba, ya ce mun zo a kan gaɓa, da an kwana da labarin ya canza. Inna Tumba ta tambaye shi ko furarta ce ta jawo. Ya ce a'a, ba suga ke kawo irin na yara ba, ba kuma sammu ba ne ko laifin wani, sai dai daga yau fura da zuma sai da ƙa'ida. Ya ce duk yaron da aka ga yana shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari, ko ya koma jiƙa shimfiɗa bayan ya daina, ko yana ci yana ramewa, a kawo shi a auna tun bai kai ga amai ba. Tsohuwa ta rufe fuska da gyale ta yi kuka.

Ni ma ban tsira ba. Sistar da ke kula da ɗakin ta ji ina ba da labarin yadda na gwada injin a kaina, ta tambayi lambar, na faɗa a hankali. Ta zaunar da ni a benci ta wanke ni tas a gaban iyayen ɗalibata.

Ran Asabar na koma dubiya. Na tarar da Luba zaune a gado, idonta ya dawo, har ta ce mini ina kwana Malam. Na iso daidai lokacin da Sista ke bayanin abin da ya rage. Allurar nan ba ta kwana biyu ba ce, ta kullum ce, safe da yamma, har iyakar rayuwa, kuma ba za a sallame su ba sai wani a gidan ya iya yin ta. Ta tambaya wa zai koya.

Inna Tumba ta karɓi sirinjin, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi. Layukan awo ƙanana ne, ba ta ganinsu. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta miƙa wa surukarta.

"Karɓi ɗiyakki. Kunya ta ƙare, ni na yahe miki ita."

Matar ta karɓa. Sista ta nuna mata yadda ake zuƙo magani, yadda ake fitar da iska, yadda ake tattaro fata. Ta gwada a jikin lemu har hannunta ya ɗan faɗa. Sista ta ce to, allurar yamma uwar ce za ta yi wa yarinyar. Matar ta dubi cinyar Luba, wadda ba komai a kanta sai fata, ta ajiye sirinjin a kan gado ta ce ba ta iyawa, lemu ba ya jin zafi.

Malam Nomau yana tsaye a bakin ƙofa tun da na zo, yana kallon waje kamar mai jiran mota. Sai ga shi ya shigo. Bai dubi gadon ba. Ya zauna a kujerar da ke gaban matarsa, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ce da Sista:

"In akwai ruwan da ba shi cutarwa, a sa mata. Ta koya bisa gare ni. Kar a hwara da yarinya."

Sista ta dube shi, ta je ta kawo sabon sirinji da ruwan allura wanda ba magani a ciki. Ta farko matar ta soka a karkace, jini ya ɗan fito, bai ko ƙifta ido ba. Ya ce ta sake. Ta sake, ya ce ta sake. Sai da Sista ta ce ya isa haka, hannunta ya zauna, sannan ya sauke rigarsa ya koma bakin ƙofa ya ci gaba da kallon waje. Da yamma uwar ta yi wa Luba allura da hannunta, yarinyar ba ta yi kuka ba. Ni ne na fita baranda ina share ido, ina cewa warin asibiti ne.

Luba ta dawo makaranta kafin damina ta yi nisa. Maganin suna ajiye shi a ’yar tukunyar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi, tunda ba wuta, kuma lokaci-lokaci suna zuwa Sakkwato ganin likitan yara. An koya mana cewa mai allurar insulin suga kan faɗi masa, in ta fara rawar jiki da zufa a ba ta abu mai zaƙi nan take. Don haka aka sayo suga mai ƙwaya aka ce a ajiye a makaranta. Hedimasta ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce wannan a ofishinsa zai zauna.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za a tura ƙauyuka, ba mai yawa ba ne. Yaron da ya dame ku da fita, kafin ku ce malalaci ne, ku bi shi da ido ku ga me yake yi a waje. Malami yana ganin yaro awannin da iyayensa ba su ganinsa, kuma wani lokaci abin da zai ceci rai a bakin randa yake, ba a allo ba. In kuma kun je gida, kada ku auna mutane da yawan maganarsu. Wanda aka ba izinin magana ba lallai shi ya fi sani ba, wanda ya yi shiru kuma ba lallai bai damu ba. Ku zauna, ku yi tambayar ko da za a ce ku kiyaye bakinku, ku ba na bayan katanga lokaci.

Na yi shekaru a makarantar bayan haka, muna haɗuwa da Malam Nomau a masallaci da kasuwa. Har aka yi mini canji ban taɓa jin sunan ’yarsa a bakinsa ba. Iyakarsa in mun gaisa ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe, ya ce, "Malam, ya yaran makaranta?" Ni kuma in ce masa lafiya lau suke, duk cikansu. Huɗubar da na shirya masa a mota tana nan a cikina har yau, ban kuma ga ranar da za ni yi ta ba.